Ƙyauren Ɗakin Inna Dija

Shekara arba'in da ɗoriya ɗakin Inna Dija ba shi da ƙyaure. Ba rashi ne ya hana ba. Ita da kanta ta sa aka cire shi, tun shekarar da ta gaji aikin ungozoma a hannun kakarta, ta ce wanda naƙuda ta kama matarsa ba shi da lokacin jiran a buɗe masa ƙofa. Aka jingine ƙyauren a bayan rumbu, gara ta ci rabonta, damina ta ƙarasa sauran. Tun daga nan asabari kawai ke rataye a bakin ɗakin, shi ma yawanci a naɗe yake. Duk wanda ya tashi a wannan unguwa ta Filinge ya san yadda ake zuwa wurin Inna Dija: ka tsaya a tsakar gida ka yi sallama, ta amsa daga ciki, ka shiga.

Ta daɗe da barin karɓar haihuwa, don yanzu mata asibiti suke zuwa, kuma ita ce ma ta fara tura su can. Amma ƙafa ba ta ɗauke daga ɗakinta ba. Wannan ta kawo jariri a duba cibiya, waccan ta kawo ƙarar miji, wata kuwa ba abin da ya kawo ta sai zama. Wadda ba ta taɓa fashi ba ita ce Husaina mai daddawa, ƙawarta tun suna ƴan mata, wadda ke isowa kullum da hantsi, su gaisa, su zagi juna, su raba goro ɗaya.

Bazarar bana ta zo da fushi. Tun kafin hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ruwan randa ya koma kamar na wankan jego, kaji su buɗe baki su kwanta a ƙarƙashin rumbu. Ran nan da azahar Inna Dija ta tashi ɗibar ruwan alwala, ta yanke jiki ta faɗi a gindin randa. Autarta Balkisa, malamar lakkwal, wato makarantar boko, wadda ta dawo gidan da zama tun rasuwar mijinta, ita ta tarar da ita ta kai ta asibiti. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjin tsohuwar, ya danna ƙafarta da ta kumbura, yatsansa ya bar rami. Ya rubuta magani, sannan ya ja Balkisa gefe ya gaya mata gaskiya. Zuciyar ta gaji, kuma zafi ne babban abokin gabarta. In ba a sama mata ɗaki mai sanyi ba daga nan har ruwa ya sauka, shi dai bai ɗauki alkawarin komai ba.

Da yamma Tahiru ya bugo waya daga Yamai. Shi ne ɗan fari, wanda Inna Dija ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Bai yi doguwar magana ba. Ya ce nan da kwana goma zai sami hutu, zai zo da mota ya ɗauke ta, akwai ɗaki a gidansa mai na'urar sanyaya ɗaki, abin nan da ake ce wa kilim. Da Balkisa ta kai mata saƙon, tsohuwar ta juya fuskarta ga bango.

"In kunka kai ni Yamai," in ji ta, "ku haɗa da likkahwanina cikin kaya."

Balkisa ta san uwarta ba ta jefa magana don tsoratarwa. Tsoro ya kama ta, sannan wani taurin kai da ta gada a wurin wannan tsohuwar ya taso ya danne tsoron. Ta kira wanta ta ce masa tunda sanyi ne magani, to sanyin za ta kawo Filinge.

Mutanen Yamai suna da wata ɗabi'a, duk abin da ba su gani a Yamai ba, to ba ya yiwuwa. Tahiru ya yi dariya. Ya ce a ma'aikatarsu manyan bututu ne aka shimfiɗa a cikin rufi tun ana gini, su ke raba iska ɗaki ɗaki. Ɗakin laka mai rufin azara da kara, ta ina bututu zai bi? Balkisa ba ta ja da shi ba. Ta ce dai ya bar mata kwana goman nan. Ya ce ya bari, amma in ya iso bai ga sauƙi ba, kada ta ƙara buɗe baki.

Tana da karsana guda a hannun Buba, Bafulatanin da ke kiwon shanun gidansu. Ranar kasuwar Baleyara ta sa ya kora ta can, ta bi shi a mota, aka sayar. Ba ta tsaya kallon dabbar ana tafiya da ita ba. Ta bi bakin titi tana tambaya har aka nuna mata rumfar Hafizu, mai gyaran firiji da kilim, wani dogon mutum mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Da ta kawo masa zancen bututun rufi, sai ya girgiza kai ya ce wannan na manyan gine-gine ne. Akwai wani iri mai gida biyu, ɗaya a ciki yana busa sanyi, ɗaya a waje yana zubar da zafi. Abin da ke haɗa su siraran bututun jan ƙarfe biyu ne, da waya, da ƴar robar da ruwa ke bi. Huda ɗaya ake yi a bango, wadda dunƙulen hannu zai shiga, shi ke nan. Ya tambaya ko gidan akwai kuran, wato wutar lantarki, ta ce akwai. Ya ce to jibi ta ji shi.

Ya cika alkawari. Ya iso da kwali biyu da jakar kayan aiki, ya gaida Inna Dija da ladabi, aka fitar da ita inuwar itacen bedi a kan tabarma. Ya ja waya ta musamman daga inda wutar gidan ke shigowa, ya auna bango, ya yi alama da fensir, ya ɗauko injin hudarsa yana taƙama. Bakin injin bai wuce taƙi ɗaya ba, don an yi shi ne domin bulon siminti. Bangon kuwa marigayi Malam Salihu, mahaifin Balkisa, shi ya gina shi da tubalin laka, kauri kamu ɗaya da rabi. Injin ya shige har wuya, ya yi ta kuka, bai ga haske ba. Hafizu ya gwada kafa ƙusoshin da za su riƙe na'urar ciki, ya ja kaɗan, suka fito da gari a jikinsu. Ya goge zufa ya fara wata magana mai farawa da "gaskiya, Madam", irin maganar da Balkisa ta san ƙarshenta. Ba ta bari ya kai ƙarshen ba. Ta ce ya sha ruwa ya jira ta, ta yafa gyale ta fita cikin ranar nan.

Ta dawo da Baba Ibrah, tsohon magini, wanda da shi aka ɗora tubalin wannan ɗaki. Ya dubi injin Hafizu sama da ƙasa, ya tambaya ko da shi ake yi wa yara sakiya. Sannan ya fito da wani dogon ƙarfe mai faɗin baki, ya yayyafa wa bangon ruwa kaɗan, ya shiga murzawa a hankali, yana ciro ƙasa da yatsu. Hafizu ya matso ya ce hudar tana son ta ɗan karkata ƙasa ta wajen waje, don ruwa ya gangara.

"Shekara hamsin ina sa indararo," in ji Baba Ibrah, bai ko waiwayo ba. "Kai za ka gwada min hanyar ruwa?"

Daga nan Hafizu ya kama bakinsa, aiki ya tafi daidai. Tsohon ya fafe bangon ya binne guntayen icen kirya biyu, ya yaɓe su, aka ɗaure na'urar ciki a jikinsu, ta zauna daram. Ta waje aka yi mata ɗan dakali a inuwa, aka kewaye da waya saboda awaki. Kan robar ruwa ne Baba Ibrah ya kafe, ya ce ɗigo ɗaya in ya riƙa sauka a gindin bangon nan, kafin kaka ɗakin ya durƙusa. Aka ƙara mata tsawo, aka kai bakinta cikin wani tsohon tulu can nesa da bango.

La'asar ta yi, Hafizu ya tattara waya, ya juyo zai ce a rufe ɗaki a gwada, sai ya tsaya yana kallon asabari.

"Madam, ina ƙohwa?"

Duk lissafin da Balkisa ta yi a kwanakin nan, ko sau ɗaya ƙyaure bai faɗo mata a rai ba. Ta tashi ta ga ɗakin haka, ba ta taɓa ganin rashinsa ba. Hafizu ya ce dole a sa ƙyaure mai kauri, a toshe ƴar tagar sama, kuma ƙofar ta zauna a rufe. In ba haka ba, ƙasar nan tasu ta Kurfai gaba ɗaya za a yi ta sanyayawa, na'urar ta mutu a banza.

Nan aka yi ta. Inna Dija ta ce ba a ɗakinta ba. Balkisa ta durƙusa a gaban tabarmar, ta kawo maganar likita, ta kawo maganar Yamai, ta ce wata biyu ne kawai, ruwa na sauka ita da kanta za ta cire shi. Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hudar da aka yi wa bangon mijinta, ta yi shiru. Balkisa ta ɗauki shirun a matsayin yarda, don abin da take so ta ji ke nan. Kashegari kafinta ya kawo ƙyauren katako mai nauyi, ya bi gefunansa da robar tayar mota, har in an tura shi ba ya ko ƙara.

Hafizu ya danna maɓalli. Na'urar ta buɗe baki a hankali, ta fara huci. Kafin a ɗauki lokaci iskar ɗakin ta canza, bangon laka ya shiga shan sanyi yana riƙewa, har Hafizu ya ce ko kuran ya ɗauke, wannan ɗaki zai daɗe bai huce ba. Aka kwantar da Inna Dija a gadonta. Numfashinta da ke fita da ƙyar ya daidaita, ta yi barci da rana tsaka, abin da rabonta da shi tun farkon bazara. Balkisa ta tsaya a kanta tana kallo, hawaye na zuba, na murna ne zalla. Cikin kwana biyu kumburin ƙafa ya saɓe. Ta ɗauki hoton ƙafar ta aika wa Tahiru, ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Kullum da safe sai ta ba ta magani, ta ajiye mata fura da ruwa a gefen gado, ta ja ƙyaure ta tafi lakkwal da kwanciyar hankali. A rana ta uku ta dawo ta tarar da furar yadda ta bar ta. Ta ɗauka ko ta yi tsami ne, ta dama wata, ita ma aka bar ta. A rana ta huɗu tsohuwar ba ta ko tashi zaune ba. Ƙirji lafiya, ƙafa lafiya, amma idanun sun faɗa, tana kallon azara. Balkisa ta zauna a bakin gado ta tambaye ta inda ke ciwo.

"Wa yaz zo yau?" in ji Inna Dija.

Balkisa ta ce ba ta ga kowa ba.

"Jiya hwa? Shekaranjiya hwa? Har Husaina?" Ta ja numfashi. "Sanyi, duhu, shiru, babu mai sallama. Ɗiyata, wanga ai shi na kabari. Kin bizne ni da raina." Ta rufe ido. "Kira wancan shi zo shi ɗauke ni. Tunda mutanena sun yashe ni, ko'ina ɗaya na."

Maganar ta soki Balkisa har ƙashi. Amma fushi ne ya fara zuwa, ba kunya ba. Matan nan da uwarta ta karɓi haihuwarsu da ta ƴaƴansu, su ne za su ɗauke ƙafa ranar da ta kwanta? Ta fita ko takalmin kirki ba ta sa ba, ta nufi gidan Husaina. Ta same ta a rumfa tana shanya daddawa. Tsohuwar ta amsa gaisuwa a daƙile, ta bar Balkisa ta zazzage duk abin da ke cikinta, sannan ta kakkaɓe hannu.

"Kin ƙare, Madam? Kwana huɗu ina zuwa. In tsaya tsakar gida in yi sallama, ɗaya, biyu, ukku. Ba a amsa ba, ƙohwa ruhe. Mi kike so in yi? In buga? Ni ba jandarma ba ta."

Ta ce ba ita kaɗai ba, duk matan unguwa haka suka yi ta zuwa suna komawa. Wanda ya yi sallama uku ba a amsa masa ba, an gaya masa abin da ake so ya ji. Har magana ta zaga unguwa cewa Madam ta sayo wa uwarta sanyi daga Baleyara, kuma sanyin na mutum ɗaya ne, ba a son masu ƙafa da ƙura su shiga su shanye shi. Balkisa ta ce ai da sun tura ƙyauren kawai sun shiga. Husaina ta dube ta kamar ba a garin aka haife ta ba. Ta ce ita shekararta saba'in ba ta taɓa shiga ɗakin da ba a amsa mata ba, ba kuma kan Dija za ta fara ba.

Balkisa ta koma gida. Ta ɗauko rediyo ta ajiye a tsakar gida, daidai inda masu sallama ke tsayawa, ta ƙure murya, ta shiga ɗakin ta ja ƙyaure. Ba ta ji komai ba sai hucin na'ura. Bangon ubanta, da katakon kafinta, da robar taya, sun haɗu sun toshe ɗakin ruf. Kwana huɗu mutane na kiran uwarta daga taku biyar, ita tana kwance tana jin an manta da ita. A nan kunyar ta iso, ta zauna a ƙasa ta riƙe kai. Ta gaya wa tsohuwar abin da ya faru, amma Inna Dija ta ce lallashi ne kawai irin na yara.

Saura kwana biyu ke nan kafin Tahiru ya iso. Ta gwada barin ƙyauren a buɗe. Cikin awa ɗaya zafi ya cika ɗakin, na'ura ta yi ta gurnani, numfashin tsohuwar ya fara sama sama, dole ta rufe. Ta kira Hafizu, ya ce a sa ƙararrawa irin ta gidajen Yamai, mai zuwa ya danna. Balkisa ta hango Husaina tsaye tana danna ƙararrawa a ƙofar Dija, ta san ko za a yanka ta ba za ta yi ba. Ba a amsa wa ƙararrawa da "wa alaikumus salam".

Da la'asar ta je ɗaukar tulun nan da ruwan na'ura ke ɗiga a ciki, don ta zuba wa zogale. Ta sunkuya ta zare robar, sai ta ji wani abu ƙasa ƙasa yana fitowa daga bakinta. Ta kai kunne. Tarin uwarta ne, ya biyo robar tun daga cikin ɗaki. Ta daɗe a sunkuye da robar a kunne, ruwa na ɗiga mata a wuya, sannan ta miƙe ta nufi gidan Baba Ibrah.

Da safe tsohon ya iso da ƙarfensa. Hafizu da ya ji labari ta waya ya ce huda ta biyu ɓarna ce, sanyi zai riƙa zurarewa. Balkisa ta ce ya zurare, ai ba duka zai fita ba, kuma sanyin da ya hana uwarta cin abinci ba ta ga amfanin tara shi ba. Baba Ibrah ya huda bangon a gefen ƙofa, daidai saitin kan gado, ya zura guntun bututun roba mai faɗin bakin ludayi. A bakinsa na waje ya kafa wuyan duma da ya fafe, mai buɗaɗɗen baki, don ya tattara murya. Ciki da waje ya ɗaure da ƙyallen gidan sauro saboda kunama da ƙadangare. Da ya gama ya sunkuya ya yi gyaran murya a ciki, Balkisa da ke ɗaki ta ji shi kamar a kafaɗarta yake. Inna Dija ta ji ita ma, amma ta ce an dai ƙara ɓata bango, ba mai zuwa. Ta sa aka ɗaure mata kayanta a zane, ta ce a ajiye a bakin gado.

Ranar nan Balkisa ba ta je lakkwal ba, ta aika a ba da uzurinta. Ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya cikin rana, tana ba da haƙuri, tana bayanin duma. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce sai sun ga abin da Husaina ta yi. Gidan Husaina ta bari a ƙarshe. Ta durƙusa har ƙasa ta ce laifin nata ne, ba na Inna ba, kuma gobe in ba a zo ba mota za ta tafi da ita. Husaina ta ci gaba da dunƙula daddawarta, ta ce ita ba ta saba yi wa duma sallama ba. Ta ce za ta duba.

Tahiru ya iso tun kafin hantsi, da katifa shimfiɗe a bayan mota. Ya shiga ya gaida uwarsa, ya ga ƙafa ta saɓe, ya ga kuma fuska ta zabge, ga ƙunshin kaya a bakin gado. Ya fito ya ja ƙyaure, ya ce wa ƙanwarsa ta yi ƙoƙari, ba ya musu, sanyin ma ya fi na gidansa. Amma mutum ba ya rayuwa ba ci, kuma Inna da bakinta ta ce a zo a ɗauke ta. Balkisa ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

"Yaya, ka ba ni kwana goma. Na goma bai ƙare ba. Ka jira inuwar rumbu ta kai ga randa."

Ya dubi agogonsa, ya zauna a kan turmi. Inuwa ta yi ta jan ciki. Balkisa ba ta zauna ba, idonta na kan zaure, tana addu'a a zuci, tana jin kowace ƙafa da ta wuce a waje. Saura kaɗan inuwar ta taɓa randa, sai ga Husaina ta shigo, ta sha ɗaurin kallabi, ba ta dubi kowa ba. Ta tsaya a gaban duman ta ƙare masa kallon raini. Sannan ta dafa gwiwa ta sunkuya.

"Salamu alaikum."

Shiru. Tahiru ya ɗago kai.

"Salamu alaikum," ta sake, da ƙarfi.

Ba a amsa ba. Balkisa ta dubi ƙyauren. Ko tsohuwar ta suma ne, ko kuwa abin da likita ya faɗa ya riga su? Tahiru ya miƙe ya kai hannu ga ƙyaure. Husaina ta ɗaga masa yatsa, ya tsaya. Ta sake sunkuyawa a karo na uku.

"Salamu alaikum, Dija."

"Wa alaikumus salam," in ji duman, da muryar da unguwar nan ta sani shekara arba'in. "Kwana shidda nij jira ki. Ke ma ki ɗanɗana."

Husaina ta miƙe tana share ido da bakin zane, tana cewa tsohuwar banza, mai baƙin hali, da ta sani da ba ta zo ba. Ta tura ƙyauren da kafaɗa ta shige. Ashe matan unguwa suna laɓe a zaure suna jiran su ga yadda za ta kaya. Suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuya ta yi wa duma sallama, a amsa mata da sunanta, ta shiga. Wata da goyo, wata da ƙwaryar nono, wata ta shiga ta fito da gudu ta ce bari ta ɗauko mayafi, wannan ɗaki sai da rufa. Balkisa ta jingina da bango a gefen duman. Daga cikin duman ta ji uwarta tana tambaya wai ina furar nan, ko an bar mutane da yunwa ne a gidan nan.

Ta dama ta kai. Ɗakin ya cika, Husaina ta zauna a kan ƙunshin kayan Yamai tana fasa goro, Inna Dija na zaune da jariri a cinya tana duba cibiya, tana faɗa wai wa ya ɗaure wannan haka. Ta karɓi ƙwaryar ta kafa kai, ba ta sauke ba sai da ta kai rabi. Tahiru ya biyo bayan ƙanwarsa ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa riƙe da ƙyaure a buɗe, makullin mota a ɗaya hannun, yana kallo. Uwar ta sauke ƙwarya ta harare shi.

"Kai mai mota, ko ka shigo ko ka hita. Ruhe min ƙohwata, sanyina na zurarewa."

Tahiru ya sa makullin a aljihu, ya cire takalmi, ya shigo ya ja ƙyauren.